Juya In Ga Ƙeya

Babana ba ya tambayar mutum lafiyarsa ya yarda da amsar baki. Ƙeya yake dubawa. Baƙo zai zo gidanmu a Kafanchan, ya zauna, ya sha ruwa, ya yi ta cika baki da labarin Kaduna ko Legas, Baba na jinsa bai ce komai ba. Sai mutumin ya tashi tafiya, ya bi bayansa da kallo har ya fita, sannan ya juyo ya ce wa Mama, "Wannan yana da mutane." Ko kuma ya girgiza kai ya ce, "Wannan shi kaɗai ne, Allah ya taimake shi." Hujjarsa ba ta da tsawo. Kowa na iya tsayawa gaban madubi ya gyara goshinsa, amma ba a haifi wanda zai aske ƙeyarsa da kansa ta yi kyau ba. Dole wani ya tsaya a bayanka. In ka ga ƙeya a hargitse, to mai ita ba shi da wanda zai tsaya masa. Ina yaro na ɗauka maganar nan tana cikin Littafi Mai Tsarki, don da murya ɗaya yake faɗinsu.

Ma'aikacin reluwe ne, a loko inda ake gyaran kan jirgi, kuma dattijo a majami'armu. Ran Asabar da yamma shi ne wanzamin gida. Zai kife turmi a gindin mangwaro, ya ɗaura mana tsohon zanin Mama a wuya, ya buɗe gwangwanin da yake ajiye kayansa: almakashi, kum, reza sabuwa cikin takardarta, da wata kilifar hannu mai cizo wadda ta girme ni. Ba ya yin ƙwal-kwabo, ya ce wannan na fursuna ne da masu makoki. Saisaye yake yi, ƙasa-ƙasa, ya ɗora reza a kan kum ya bi kan a hankali har ya daidaita. Ka motsa, ka sha ranƙwashi. In ya gama ba ya kawo madubi. Tafin hannunsa yake sawa a ƙeyarka, ya shafo shi har goshi, hannu mai kaushi, mai warin baƙin mai da sabulu. In ya ji tudu, ka koma ƙarƙashin reza. In bai ji ba sai ya ce, "Ya yi. Tashi." Ban taɓa samun yabon da ya fi wannan daga bakinsa ba, har ranar da na kawo masa takardar digirina.

Ina da tabo a bayan kunnen hagu, inda na faɗo daga kan wani tarago da aka ajiye a tasha muna wasa. Gashin wurin a karkace yake fitowa. Baba kan bar masa ɗan tsawo ya rufe tabon, ya bi da sauran kan yadda ba za a gane ba. Da na girma na koma zuwa shagunan aski na cikin gari, masu janareta da kiɗa, amma ko ina da gemu, in na dawo sai ya ce in juya ya gani. Ana gobe zan bar ƙasar ya sa ƙanwata ta kife turmin. Na kusa shekara arba'in a lokacin, ina da 'ya'ya, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata, na zauna. Ya tsufa, amma bai yanke ni ba.

Na yi shekaru ina koyar da lissafi a sakandare, albashi na zuwa ran da ya ga dama. Da hanya ta buɗe na tafi Ingila aikin kula da tsofaffi, kowa ya ce na tsallake. Ga tsallakewar: wani ƙaramin gari ne a bakin teku, can arewa, iskarsa har cikin ƙashi, in ka hango baƙar fata a titi sai ku ɗaga wa juna kai kamar kun haɗa kaka. Matata da yara na Sabon Tasha a Kaduna wurin yayarta suna jiran takardu. Mama ta riga ta rasu. Baba na gida da ƙanwata, ita ke dafa masa, ita ke riƙe masa waya. Ni kuwa aikina shi ne in ta da iyayen wasu da safe, in yi musu wanka, in sa musu kaya, in ɗiga wa masu ciwon ido magani, in tsaya a bayansu in taje musu farin gashinsu mai laushi. Ƙeyar kowa a gidan tsofaffin nan lafiya take, ni na tabbatar da haka.

Kowace Lahadi bayan an tashi sujada ƙanwata takan kira ni da bidiyo. Baba na zaune a kujerar roba a ƙofar ɗakinsa, bai cire rigar coci ba. Mu gaisa da yarenmu, ya ba ni labarin wanda ya mutu da wanda ya yi aure da yadda citta ta yi a gona. In za a yi addu'a sai ya koma Hausa, don da Hausa ya koyi yi wa Allah magana. Kuma a wurinmu namiji ba ya addu'a da hula a kai, ko a ina yake, ko sanyi zai kashe shi. "Cire hula," zai ce. In cire. Ya yi addu'arsa mai tsawo, mu ce amin. Daga nan sai ya matso da fuska kusa da wayar ya ce, "Juya in ga ƙeya." In jingina wayar da butar shayi, in juya mata baya, in jira hukunci.

Askin da ya yi min a gida ya riƙe ni 'yan makonni. Da ya tsufa na shiga shagon da ke kusa da wurin aiki. Wata Baturiya ce, mai fara'a, ta nemi izini kafin ta taɓa kaina, ta ce ba ta taɓa yin irinsa ba amma za ta gwada. Kalmar gwadawar nan ta isa ta ta da ni daga kujera, amma baƙunta ta danne ni. Ta jiƙa gashin da ruwa, ya ƙanƙance, ta yi ta ƙoƙarin ɗago shi tsakanin yatsu tana datsa da almakashi yadda take yi wa nasu. Da ta gama kaina ya zama kunya-kunya, kamar gonar da aka yi wa huɗa a buge. Ta kawo madubi tana murmushi. Abin da ke ƙona min rai har yau shi ne na ce mata na gode, har sau biyu, na kuma riƙe mata ƙofa.

Ran Lahadi Baba ya daɗe yana kallo. "Wanda ya yi maka wannan," ya ce, "kun yi faɗa ne?" Ƙanwata ta fashe da dariya har wayar na rawa. Ni ma na yi dariya. A lokacin abin bai wuce dariya ba.

Daga nan na koma wurin Turkawa. Su ke da shagon aski a kowace kwana a garin, samari masu saurin hannu, kujerunsu na fata, suna sa wa auduga wuta su babbaka maka gashin kunne, su lulluɓe maka fuska da tawul mai zafi. Duk hidimar nan akwai, askin ne babu. Tambayarsu ɗaya ce, lamba nawa, ka faɗa, su sa wa kilifa baki su bi kan kamar masu yankan ciyawar filin ƙwallo. Ranar farko aka bi ta kan tabona aka tone shi fili. Don layin goshi ya fito tsaf sai su ɗan ci gaba da shi, kowane zuwa a ɗan ƙara, har goshina ya fara tafiya tsakiyar kai. Suna kuma kankare ƙeya da aska har fata, gashinmu kuwa in aka yi masa haka sai ya lanƙwashe ya koma ciki. Ƙuraje suka fito min jere, suna nuna, suna fashewa, suna ɓata min wuyan riga. Na yi bayani da baki, na yi da hannu, na nuna hoto, su ce sun gane, ɗan'uwa, sun gane. Ba su gane komai ba.

Wata tsohuwa da nake yi wa wanka ta ga ƙeyata na sunkuya ɗaura mata takalmi, ta tambayi wata ma'aikaciya, a gabana, ko abin yana yaɗuwa. Kashegari shugabar gidan ta kira ni ofis, ta ba ni shayi, ta tambaye ni cikin ladabi mai sanyi ko na ga likita. Ni da na tsaya gaban aji na shekaru yara na miƙewa in na shigo. Na ce mata aski ne. Ta ce ta fahimta, amma dai in riƙa rufewa. Baba kuma daga can yana ba da umarni: in sa sifirit, in sa hoda, in ce wa mai askin ya ɗora reza a kan kum. Na ce to. Ina zan ce wa Baturke ya ɗora reza a kan kum?

Sai na yi abin da kowane ɗan Afirka ke yi a ƙarshe a irin garin nan, na sayi kilifa. Na shiga banɗaki, madubi ɗaya a bango, ƙarami ɗaya a hannun hagu. Gaba ya tafi lafiya, har na fara yabon kaina. Da na kai baya komai ya juye, in nufi dama hannu ya tafi hagu. Kilifar ta zame ta ci rami a tsakiyar ƙeya. Na ce bari in rage gefensa su yi daidai, na sake cin wani. An gudu ba a tsira ba. Na tsaya cikin gashina a ƙasa, kafaɗa na ciwo, ina zagin madubi.

Lahadin nan na so in bar hular, amma ba a yi wa Baba haka. Na cire, aka yi addu'a, na juya. Sai na ji muryarsa a bayana.

"Wa ya yi maka?"

"Wani aboki ne, Baba. Yana koyo."

"Ba aboki ba ne," ya ce. "Hannun daga gaba ya fito. Wanda ya tsaya a baya ba ya hawa haka. Kai ka yi."

Sai ya bar Hausa ya koma yarenmu, a hankali, ba faɗa a ciki, ya ce, "Ashe ba ka da kowa a can."

Raina ya ɓaci. Na juyo na ce masa gashi ne fa kawai, zai fito, ina da coci, ina da abokan aiki, nan ba gida ba ne da mutum zai zauna gindin mangwaro yana jiran a yi masa saisaye. Ya bar ni na gama. "Ka dawo gida, ɗana," ya ce. "Turmin yana nan." Da aka kashe wayar na yi jifa da kum ya bugi bango. In dawo in yi me? In koma jiran albashin da ba ya zuwa, yara na jiran kuɗin makaranta? Amma ba wannan ne ya fi zafi ba. Gaskiya ya faɗa. Cocin da nake zuwa ana ba ni hannu, ana ba ni shayi da biskit, ba wanda ya taɓa tambayar titin da nake. 'Yan ƙasarmu da ke garin ba su da yawa, kowa na fitowa daga wani aiki yana gudu zuwa wani, ido jawur, kowa ta kansa yake yi. Ba wanda zan iya cewa ya zo ya tsaya a bayana da kilifa ba tare da na ji kunya ba. Na rantse a raina Baba ba zai sake ganin kaina ba sai ranar da zai ce ya yi.

Ban ma sha wahalar neman dabara ba. Bayan 'yan makonni ƙanwata ta ce damina ta lalata musu sabis, bidiyo ba ya tafiya, sai dai murya. Na ce ba komai, na yi murna a ɓoye. Baba ya ci gaba da cewa in cire hula, ni kuma ina cirewa ko da ba mai gani, amma maganar ƙeya ta faɗi. Damina ta wuce, aka tone citta, aka shanya, Kirsimeti ta zo ta wuce, sabis bai gyaru ba. Ni mai koyar da lissafi ban tsaya na haɗa ɗaya da ɗaya ba. Ina ganin ni ke yi musu wayo.

A layin biyan kuɗi a kanti na ga ƙeyar da nake nema. Wani baƙin mutum ne a gabana, dogo, gashin ya sauko a hankali ya ɓace cikin fata, ba ƙurji ko ɗaya. Na yi ta kallonsa har na ji kunyar kaina, sannan na taɓa shi a kafaɗa na ce ya yi haƙuri, a ina aka yi masa aski. Mutumin Kamaru ne. Ya dubi hulata, ya yi dariyar wanda ya taɓa shiga irin halin, ya ce ba a garin nan ba, kada in ɓata lokacina. Sai babban birni, jirgin ƙasa biyu. In na sauka in nemi wani kanti da ake sayar da doya da manja, in wuce har ƙarshensa, akwai labule. In ce ina neman mutumin Gana.

Na tafi ran Asabar ɗin da ba ni da aiki. Warin busasshen kifi da daddawa ne ya fara tarbata tun daga ƙofa, na tsaya na shaƙa kamar mayunwaci. Bayan labulen kujeru biyu ne da benci, maza na zaune suna gardamar ƙwallo da harsuna kala-kala. Mai askin gajere ne, gemunsa ya fara furfura, da tabon sallah a goshi. Ina cikin jira sai matata ta kira, na amsa mata da Hausa. Ina ajiye wayar na ji ya ce, bai ko ɗago daga kan da yake yi ba, "Kai, daga ina?" Hausarsa ta zangon Kumasi ce, tawa ta Kafanchan, wadda Kanawa ke yi wa dariya wai ba mu san mace ba, ba mu san namiji ba. Muka haɗa su biyu suka ishe mu. Na yi tunanin gida, inda tun da rikici ya raba gari mutum kan yi lissafin unguwa kafin ya miƙa wuyansa ga aska. Ga ni na keta ƙasar Turawa da jirgi biyu don in miƙa nawa ga mai tabon sallah, ina kuma gode wa Allah.

Da layi ya zo kaina bai ɗauki kilifa ba. Tafin hannu ya sa. Ya shafa daga sama zuwa ƙasa, ya koma gefe, ya tsaya a bayan kunnen hagu.

"Faɗuwa ce?"

"Daga kan tarago."

Ya gangara ƙeya, ya taɓa ƙurajen, ya yi tsaki. "Wa ya yi maka wannan ɓarnar?"

Na ce mutane da yawa ne, har da ni.

Ya ce wannan ba aikin rana ɗaya ba ne. Goshin da aka cinye sai an bar shi ya dawo da kansa, ƙeyar kuma ba abin da zai taɓa fatarta sai ta warke. Ran nan ya daidaita abin da zai daidaitu, yana bin gashin ta inda ya kwanta, ya gaya min abin da zan riƙa shafawa, ya ce in dawo. Na yi ta komawa. Hutun da ya kamata in yi barci a cikinsa na ƙarar da shi a tashoshin jirgi, cikin iska, da burodi a aljihu. Abokan aikina na ganin hauka ne mutum ya kashe yini guda a kan aski. Ban yi musu bayani ba, don su duk shagon da suka faɗa akwai wanda ya san kansu.

Sanyi ya fara sauƙi ranar da ya gama. Ya goge min wuya da sifirit, ya kaɗa hoda da buroshi, ya ɗaga ƙaramin madubi a bayana. Tabon ya ɓace cikin gashi. Goshina ya dawo inda Allah ya ajiye shi. Ƙeyar sumul, ta sauko a hankali, irin wadda Baba zai bi da kallo har ƙofa ya ce wannan yana da mutane. Idona ya kawo ruwa, na ce masa sifirit ne ya shiga. Ya ce haka yake yi wa mutane da yawa a kujerar nan.

A cikin jirgi na kira ƙanwata na ce gobe bidiyo za a yi, sabis ko ba sabis, in wayarta ce matsala ta aro ta maƙwabta. Ta ce, "Yaya," tana so ta faɗi wani abu. Na ce ba na son jin komai. Ta ce to. Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, wannan Asabar ɗin ta fi duk watannin da suka wuce tsawo. Ran Lahadi na goge riga, na jawo tebur kusa da taga inda haske ke faɗowa, na jingina wayar da butar shayi. Hular ma a wani ɗaki na bar ta.

Ga Baba a kujerarsa, da rigar coci. Ya rame kaɗan. Yana kallon gefen wayar, na ce wa ƙanwata ta gyara riƙo, ta ce ta gyara. Muka gaisa. Ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi. Ina amsawa ina ɗan karkata kai, hagu, dama, kamar yaron da aka saya wa sabon takalmi. Ina jira ya tsaya a tsakiyar magana ya matso da fuska. Bai matso ba. Ya ba ni labarin wani dattijon coci da aka binne ran Juma'a, ya ce kuɗin citta ya faɗi. Sannan ya gyara zama, ya haɗa hannuwa.

"To, cire hula mu yi addu'a."

Na ce, "Baba, ba hula a kaina."

Wata kaza na kuka a bayansu. Hoton ya juya, fuskar ƙanwata ta cika wayar, ta ƙi kallona.

"Yaya, Baba ba ya gani."

"Tun yaushe?"

"Da damina ya fara, yana cewa gefe-gefe na rufewa. Kafin Kirsimeti ya rufe duka. Likita ya ce hawan jinin ido ne, an zo a makare."

Na san ciwon. Na san shi kamar sunana. Maganinsa nake ɗiga wa iyayen wasu kowace safiya, in riƙe musu haɓa, in ce su dubi sama, in goge abin da ya gangaro da auduga. Na san in an kama shi da wuri ana riƙe abin da ya rage. Ban ce da na sani da na cece shi ba, wataƙila dama ya riga ya yi nisa. Amma da na yi ihu, da na sa an kai shi Kaduna a makon, da na yi wani abu. Matata ta sani. Fasto ya sani. Zumuntar matan coci ta zo gida ta yi addu'a. Maƙwabta sun sani, masu acaba da ke kai shi coci sun sani. Ni kaɗai, ɗansa na fari, aka bari ina yawo a jirgi ina gyaran gashi. Na faɗa wa ƙanwata maganganu da yarenmu waɗanda ba zan rubuta su ba. Tana ji, hawaye na zuba, ba ta kare kanta ba.

"Ya isa," Baba ya ce. Ta mayar da wayar kansa. "Ni na hana ta. Ni na hana matarka. Mutumin da ba shi da wanda zai aske masa ƙeya, in ya ji wannan, wa zai riƙe shi?"

Ashe ramin da na ci wa kaina a banɗaki shi ne abu na ƙarshe da ya gani sosai a jikina, kuma a kansa ya yanke hukunci. Da na bar Baturken ya ci gaba da kankare ni, da ƙila sun gaya min.

Shi ne ya sake magana. Ya ce ƙanwata ta ce masa na matsa sai an yi bidiyo, to me nake so ya gani. Na ce aski ne. Na ce na samu mutum, ɗan Gana, yana jin Hausa, da hannu ya fara dubawa kafin ya taɓa kilifa.

"Ya ga tabon?"

"Da hannu ya same shi."

"Ya bar masa gashi?"

"Ya bari, Baba."

Ya gyaɗa kai. Muka yi addu'a, gajeriya a ranar. Da muka ce amin sai bakinsa ya tafi inda ya saba.

"Juya in ga ƙeya."

Na juya. Ban san me ya sa ba, jiki ne ya saba. Na zauna ina fuskantar bango, bayana ga wayar. Na ji ya ce wa ƙanwata, "Miƙo min shi." Na ji motsi, na ji wani ƙaramin gurzawa, sai shiru. Na ci gaba da zama, wuya a miƙe, ban motsa ba, yadda ya koya min a kan turmi. Na daɗe. Da na gaji na waiwaya, wayar ta yi baƙi, kiran ya yanke tun tuni.

Sai da yamma ƙanwata ta sake kira, murya kawai. Ta ce ya karɓi wayar da hannun hagu, ya ɗora tafin dama a kan gilashin, ya shafo daga ƙasa zuwa sama, nan ne kiran ya yanke. Bai sani ba, ya sake shafawa. Ta ce ya ɗan riƙe ta a cinya, sannan ya miƙa mata ya ce, "Ki gaya masa ya yi. Ya tashi."

Ta faɗa min ne don in ji daɗi, na kuma ce mata na gode. Har yanzu ina shiga jirgi biyu, har yanzu ban samu hutun da zai kai ni gida ba, kowace Lahadi kuma yana cewa in cire hula, sai dai bai sake cewa in juya ba. Amma na san Babana. Tunda nake bai taɓa cewa ya yi a kan da hannunsa bai hau ba. Ran nan ya faɗa ne don ya sallame ni.